Ma'aunin Rawa

A wani gari na jihar Ohayo, cikin ƙasar Amurka, akwai wani mutum, direban motar kai kaya gida gida, wanda ba shi da abin sha'awa bayan aiki sai rawar na'ura. In Asabar ta zo, sai ya ɗauki takalmansa marasa nauyi da gorar ruwa, ya nufi wani gidan wasa a gefen gari, inda aka ajiye wata tsohuwar na'urar rawa a lungu, ya yi ta taka ta har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Tun cikin 2001 ya fara, yana ɗan shekara 17, ga shi har ya doshi 40 bai bari ba.

Wanda bai taɓa ganin wannan wasa ba, ga yadda ya ke. Akwai dandamali na ƙarfe mai faranti huɗu, kowane da hoton kibiya a kansa: hagu, dama, gaba, baya. Gaban mai rawa kuwa akwai gilashi irin na telebijin. In kiɗa ya tashi, sai kibau su riƙa tasowa daga ƙasan gilashin suna hawa sama, inda waɗansu kibau huɗu su ke tsaye ba su motsi. Sa'ad da mai tafiya ta hau daidai kan 'yar'uwarta ta tsaye, lokacin nan ne a ke so ƙafa ta sauka kan farantin da ta nuna. Na'ura ta auna saukar ƙafar, ta ba da maki gwargwadon dacewarta.

Kamfanin Konami na ƙasar Japan shi ya fito da wasan cikin 1998, ya sa masa suna Dance Dance Revolution. Shekara ta kewayo, kamfanin Andamiro na Koriya ta Kudu ya fito da nasa mai faranti biyar, watau Pump It Up. Cikin 2001 wani Ba'amurke, Chris Danford, ya saki wata manhaja kyauta mai suna StepMania, wadda ta ba kowa dama ya ɗauki waƙar da ya ke so, ya tsara mata taku da kansa. A kan wannan manhaja kamfanin Roxor ya gina In The Groove cikin 2004. Konami ya kai shi ƙara cikin 2005, aka yi sulhu cikin 2006, mallakar wasan ta koma hannun Konami. Amma na'urorin da aka riga aka sayar ba su ɓace ba. Masu wasa suka riƙe su, suka ci gaba da ciyar da su da waƙoƙin da suka tsara da hannunsu. Tsohuwar na'urar lungun nan irinsu ce, direban nan kuwa yana cikin masu ciyar da ita.

To, tsara taku aiki biyu ne. Na fari shi ne zaɓen kibau: wace ƙafa za ta tafi ina, ina za a yi tsalle, ina za a juya jiki, ina za a huta. Wannan kowa yana gani, shi a ke yabo, shi a ke kushewa. Na biyu shi ne daidaita kibau da kiɗa, domin kowace ta iso mazauninta daidai lokacin da ganga ta faɗi. Wannan ba mai ganinsa, ba kuwa mai gode wa wanda ya yi shi da kyau. Ga waƙar da ba ta sake gudu, lamba biyu kaɗai ke riƙe da shi cikin fayil. Ɗaya ta faɗi inda bugun farko ya ke, gama ba waƙar da ke somawa daidai bakin faifai, sai an yi ɗan shiru tukuna. Ɗayar kuma ta faɗi yawan bugu a minti. In waƙa tana bugu 120 a minti, to, kowane rabin sakan bugu ɗaya ke nan. Na'ura ba ta jin kiɗa ko kaɗan. Waɗannan lambobi su ne kunnenta, abin da aka rubuta mata shi ta ke bi, da shi kuma ta ke yanke wa ƙafa hukunci.

Hukuncin kuwa mai tsanani ne. A raba sakan ɗaya gida 1000, kowane gida shi a ke kira milisakan. Ƙiftawar ido ɗaya ta kan ci milisakan 100 ko fiye. A wasan In The Groove, wanda ya ke son daraja ta farko sai ƙafarsa ta sauka cikin milisakan 21.5 kafin bugu ko bayansa. In ya wuce haka zuwa 43, ya faɗa daraja ta biyu. In ya wuce wannan zuwa 102, ta uku. Watau abin da ke tsakanin gwani da mai bi masa bai kai rubu'in ƙiftawar ido ba.

Direban nan yana da 'ya, watau wadda ya ke bi, ma'aikaciyar dare ce, tana da ɗa guda ɗan shekara 14. Saboda aikinta, yaron a wurin kawunsa ya ke wuni ran Asabar, da haka har ya koyi rawar. Yaron makaɗi ne a ƙungiyar badujala ta makarantarsu, kunnensa kuwa kaifi gare shi. Cikin 'yan watanni ya wuce waɗanda suka shekara suna yi. Kawun ya yi murna ƙwarai, har ya zaɓi wata waƙa mai minti 2 da yaron ke so, ya zauna dare uku ya tsara mata taku, ya kai ya zuba cikin na'urar. Da masu zuwa gidan wasan suka shirya 'yar gasa tsakaninsu, aka sa waƙar cikin waɗanda za a taka.

Nan fa abin mamaki ya soma. Duk sa'ad da yaron ya hau waƙar, rabin farko sai ya yi ta samun daraja ta farko kamar ruwan sama. Da an wuce tsakiya, sai daraja ta biyu ta fara ɓullowa ɗaya ɗaya, kafin a kai ƙarshe ta zama ita ce duka. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Kawun kuwa in ya hau, tun daga fari har ƙarshe makinsa bai canza ba, har sunansa ne a saman jerin gwanayen waƙar.

Ya ce wa yaron, "Gajiya ce. Ba ka da numfashi. Ka riƙa gudu da safe."

Yaron ya yi ta gudu da safe har mako uku, ba abin da ya sake. Ya ce, "Kawu, ni fa ina jin ƙafata tana faɗuwa tare da ganga."

Kawun ya ce, "Na'ura ba ta ƙarya. In ta ce ka makara, ka makara. Ka rage sauraro, ka bi kibiya da ido, ka ƙara sauri wajen ƙarshe."

Yaro ya ɗauki maganar babba. Ya shiga tilasta wa ƙafarsa ta riga kunnensa. Ba a daɗe ba malamin badujala ya fara yi masa faɗa, wai ya koyi wata sabuwar ɗabi'a ta gaggawa, in an kusa ƙare kiɗa sai ya ja sauran yara da gudu. Wata Asabar cikin mota yaron ya ce shi yana so ya bar badujala, gama ya gane kunnensa ba shi da kyau kamar yadda a ke faɗi. Makaranta ta ce yana sauri, na'ura ta ce yana latti, shi kuwa duka biyu bai ji ba. Kawun ya yi shiru, ya rasa abin da zai ce, amma ko kusa bai kawo wa ransa cewa da hannunsa a ciki ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ana nan, sai mai gidan wasan ya sa wa na'urar sabuwar manhaja, ITGmania, wadda ta fito cikin 2022 daga tsatson StepMania. Ita wannan, in an ƙare waƙa, ta kan zana hoton rawar mutum duka. Akwai layi miƙaƙƙe a tsakiya, shi ne daidai. Kowane taku ɗigo ne guda, na sauri a gefe ɗaya, na latti a ɗaya gefen, an jera su daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta. Yaron ya hau waƙar kawunsa, ya sauka, hoton ya fito. Wata mata da ta daɗe cikin wasan tana tsaye tana jiran layi, sai ta matso ta ƙura wa gilashin ido.

Ta ce, "Wa ya daidaita waƙar nan?"

Direban ya ce shi ne.

Ta ce, "To, dubi nan. Ƙafar da ta gaji warwatsa ɗigo ta ke yi, wani nan, wani can. Waɗannan kuwa ba su warwatse ba. Ga su a jere kamar tururuwa, sun tashi daga kan layi, suna ta karkata gefen latti kaɗan kaɗan, ba su fasa sahu ba sai can ƙarshe inda ya ke ƙoƙarin cim ma kibau. Mutum ba ya kuskure a miƙe haka. Yaron nan yana kan kiɗa. Kibanka ne suka gudu suka bar shi."

Ya ce ai shi makinsa daidai ya ke fita. Ta ce, "Kai da ido ka ke rawa, shi da kunne."

Maganar ta soke shi, amma bai yi gardama ba. Da ya koma gida da dare ya buɗe fayil ɗin, sai ga lamba tana kallonsa: 150.05. Ya tuna yadda ya same ta. Ya sa waƙar ne ya riƙa buga yatsa a kan maɓalli tare da ganga wajen rabin minti, kwamfuta ta ɗauki matsakaicin bugunsa ta ba shi wannan lamba. Ya gwada farkon waƙar, ya ji ya zauna, ya wuce wurin zaɓen kibau, inda daɗin aikin ya ke. Alhali waƙar da kwamfuta aka haɗa ta, masu irin wannan kiɗa kuwa galibi cikakkiyar lamba su kan sa. Ɗan wutsiyar nan na .05 ya isa ya tsai da shi tun ran nan, da ya tsaya ya duba.

Ya ɗauki takarda ya yi lissafi. In bugu 150 ne a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 400 ne cif. In 150.05 ne, ya ragu da wajen kashi 13 cikin 100 na milisakan ɗaya. Wannan ba kunnen da zai ji shi. Amma kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya, tarawa ya ke yi, kowane bugu ya ɗora nasa a kan na baya. Cikin rabin minti na fari, inda ya gwada, milisakan 10 kaɗai ya taru, shi ya sa bai ji kome ba. Bayan minti ɗaya da 'yan sakan ya haye 21.5, watau daga nan duk wanda ya taka daidai da ganga ya fita daga daraja ta farko. A ƙarshen minti 2, bayan bugu 300, kibau sun riga kiɗa da milisakan 40. Ashe duk watannin nan, gwargwadon kyan kunnen yaron, gwargwadon hukuncin da ya ke sha. Wanda ya toshe kunne ya bi ido ya tsira, wanda ya saurara da gaske shi aka kayar.

A daren nan ya sake aikin yadda ya kamata a yi shi tun farko. Ya ajiye abin sauraro marar waya, gama irinsa ya kan jinkirta sauti fiye da milisakan 100, ya ɗauko mai waya. Ya buɗe waƙar cikin ArrowVortex, manhajar da ke zana sauti a ga siffarsa, kowace faɗuwar ganga ta fito kamar haƙorin zarto. Ya ɗora layin bugun farko daidai gindin haƙorin farko, wurin da sautin ya soma tashi. Sa'an nan ya tsallake waƙar duka ya tafi haƙorin ƙarshe. Ga ƙa'idar, mai sauƙi ce: in ratar da ke tsakanin layi da haƙori ɗaya ce a farko da ƙarshe, lambar mafari ce ba daidai ba. In ratar tana ƙaruwa da tafiya, lambar gudu ce. Ya share .05, layi ya hau kan haƙori tun daga fari har ƙarshe. Bai yarda da ido kaɗai ba, ya kunna tafin gwaji, wanda ke sa kwamfuta ta yi tafi ɗaya a kan kowace kibiya, ya rage gudun waƙar zuwa rabi, ya rufe ido. In tafi da ganga sun rabu, kunne ya kan ji abu biyu, ɗaya na bin ɗaya. In sun haɗu, sai su zama sauti guda. Ya saurara har ƙarshe, sauti guda ya ji.

Gyaran lamba bai ci masa minti 20 ba. Abin da ya hana shi barci shi ne abin da zai faɗa da safe. Gari ya waye, ya tafi gidan 'yarsa, ya tarad da yaron yana karin kumallo. Ya ajiye masa takardar lissafin a gabansa, ya bi da shi layi layi.

Yaron ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Kawu, watau ba ni ba ne?"

Ya ce, "Ba kai ba ne, ɗana. Ni ne. Ka faɗa mini ƙafarka tana tare da ganga, gaskiya ka faɗa, na ƙi ji. Na ce maka na'ura ba ta ƙarya. Ita kam ba ta yi, amma abin da na rubuta mata shi ta ke maimaitawa. Kada ka bar badujala saboda kuskurena."

Uwar yaron tana tsaye bakin ƙofa, ba ta san kan wasan ba, amma ta gane abin da ya faru. Ta ce wa ƙanenta, "Ka auna wa yaro da mudun da ka tauye, sa'an nan ka ce hatsinsa ne bai cika ba." Bai amsa ba, gama ba abin amsawa.

Asabar ta kewayo, ya kai gyararren fayil, ya roƙi mai gidan ya share makin waƙar duka, har da nasa da ke sama, ya kuma gaya wa waɗanda za su shiga gasa dalili. Waɗansu suka yi gunaguni, don sun saba da tsohon. Yaron ya hau, kowa yana zaton yau zai ba da mamaki. Ina! Makinsa ya fi na da muni. Ɗigon suka bi layi har tsakiya, daga nan suka karkata gefen sauri, gama ƙafar ta riga ta koyi gaggawar da aka tilasta mata. Abin da aka gyara cikin fayil da dare ɗaya, sai da ya ci Asabar shida kafin ya fita daga jiki. Gasa ta zo ta wuce cikin wannan tsakani, yaron bai ci ba.

Direban ya bi sauran waƙoƙin da ya tsara cikin shekaru, ɗaya bayan ɗaya, ya sami waɗansu kurakurai irin dabam. Akwai waɗanda ya daidaita tukuna, daga baya ya juya sautinsu zuwa MP3. Juyawar nan ta kan ƙara ɗan shiru a bakin waƙa, wajen milisakan 25, wata manhaja ta yanke shi, wata ta bar shi, shi ya sa masu tsara taku suka fi son OGG. Akwai kuma maganar milisakan 9. Waƙoƙin da aka tsara domin na'urorin In The Groove, al'ada ta bi a kan a gusa su da wannan 'yar rata, waɗansu masu tsarawa kuwa ba su gusawa, su kan bar su daidai kan haƙori. Kowace hanya tana da kyau in an bi ta ita kaɗai, aka saita na'ura a kanta. Shi kuwa ya gauraya su cikin kundi ɗaya bai sani ba. Milisakan 9 ba abin raini ba ne: kusan rabin filin daraja ta farko ne ta gefe guda, shi ne kuma lokacin da sauti ke ci kafin ya yi tafiyar mita 3 cikin iska. Ya zaɓi hanya ɗaya, ya mai da su duka kanta, ya rubuta a bakin kundin don wanda zai karɓa ya sani. Ya kuma koyi kada ya taɓa lambar waƙa sai ya tabbata na'urar kanta a daidaice ta ke, gama gilashi da lasifika kowane yana da nasa jinkiri, wanda ya gyara waƙa don ta dace da na'ura mai latti ya ɓata ta ga sauran na'urori duka.

Da sanyi ya shigo, yaron ya kawo wata tsohuwar waƙa ta wajen 1970 da uwarsa ke so, ya ce a tsara mata taku. Wannan kuwa mutane ne suka kaɗa ta da hannu, ba kwamfuta ba. Makaɗin ya kan ɗan ja da baya in mawaƙi yana baiti, ya ɗan ƙara wuta in an zo amshi, yadda duk mai rai ya ke yi. Lamba ɗaya ba ta riƙe irin wannan. Sai an bi ta gaɓa gaɓa, kowane 'yan bugu a sa sabuwar lamba, kibau su rage gudu inda ya rage, su ƙara inda ya ƙara. Mutanen da suka ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, da makaɗi mai ganin ƙafar mai rawa su ke, wanda in ka yi nawa ya jira ka. Na'ura ba ta jiran kowa, saboda haka duk jiran da za ta yi, mai tsarawa ne zai yi mata shi tun a gida.

Suka raba aikin. Kawun yana gaban kwamfuta da hoton sauti, yaron yana zaune a ƙasa, abin sauraro a kunne, ido rufe. Tafin gwaji yana tafiya tare da ganga. Da sun fara rabuwa, tun kawun bai gani a gilashi ba, sai yaron ya ɗaga yatsa. Kawun ya tsai da waƙar, ya duba, ya tarar haka ne, ya sa lamba, su koma baya kaɗan su sake ji. Dare huɗu suka yi kafin su kai ƙarshenta, ba su ko fara zaɓen kibau ba.

A dare na huɗu yaron ya ɗaga yatsa a wani wuri inda layi ya ke zaune sosai kan haƙori. Kawun ya duba, ya sake dubawa, bai ga kome ba. Har ya buɗe baki zai ce daidai ne, sai ya rufe. Ya ƙara girman hoton, ya ga ashe haƙorin da ya bi na jita ne, na gangar yana bayansa kaɗan, ya ɓuya. Ya gusa layin, ya ce, "Sake ji." Yaron ya saurara, ya sauke yatsa, suka ci gaba.